Gawar da Aka Lulluɓe da Buhuna

Zuwa ga Babban Edita,
Jaridar Hausa ta intanet wadda ta ba da labarin rasuwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, sunana Sule, mai sayar da busasshen barkono daga Paki a ƙaramar hukumar Ikara. Ni ne mutumin da jaridarka ta ce ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kudu bayan girbin da ya wuce. Yau da safe na sake buɗe labarin, yana nan yadda kuka rubuta shi, har yanzu mamaci ne ni a wurinku. Na kira ofishinku, na tura saƙo har sau uku, shiru kake ji. Shi ya sa na fito da maganar bainar jama'a.

Na farko, yadda aka yi na mutu.

Mu 'yan barkono muna rubuta suna da gari a jikin buhu da fenti don kada kaya su cakuɗe a mota, kuma mai kaya yakan hau saman lodi ya raka kayansa. A kan haka na yi sallama da iyalina. Muna isa Kudan zazzaɓi ya rufe ni, na sauka na kwanta a gidan wani abokin cinikina kwana biyu, waya ba caji, ni ma ban san inda kaina yake ba. Direba ya wuce da kaya. Ashe a gaba ya ɗauki wani fasinja ya zaunar da shi a wurin da na tashi. Washegari motar ta kife. Direba ya tsere, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Shi kuwa fasinjan, wasu matafiya suka sa shi a motarsu da sauran numfashi za su kai shi asibiti, ya cika a hanya. Ba su da abin rufe shi sai wani fasasshen buhu da suka ɗauko shi a kai. Wannan hoton kuka buga: mutum kwance a lulluɓe, ƙafafunsa a waje, a kan ƙirjinsa an rubuta SULE PAKI da jan fenti, rubutun hannuna. Wakilinku ya karanta buhu ya haɗa labari.

Rana ta uku da hantsi ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin layinmu. Na hango tabarmi a ƙofar gidana, mutane zazzaune. Na ɗauka mahaifiyata ce ta rasu. Na yi sallama, duk yawan mutanen nan babu wanda ya amsa. Liman ya tsaya da jan carbi. Wani dattijo da ya san ni tun ina rarrafe ya janye ƙafarsa a hankali don kada inuwata ta taɓa shi. A cikin gida matata ta riga ta cire 'yan kunne ta shiga takaba. Inna ce kaɗai ta matso. Ta shafa fuskata, ta kama kunnena ta murɗe, sai da na ce wayyo sannan ta fashe da kuka.

Na biyu, abin da na tarar a ƙarƙashin labarin, inda masu karatu suke rubuta sharhi.

Ban yi zaton akwai ɗan Adam da zai zauna ya karanta ta'aziyyar kansa ba, sai ga shi na yi. Mutanen da ban taɓa gani ba suna ta roƙa mini gafara. Wani ya ce tare muka yi makarantar kwana, ni da ko firamare da ƙyar na gama. Wani ya ce ya san ni sarai, ina yayyafa wa barkono ruwa don ya yi nauyi. Allah ya isa, ban taɓa ba. Na rubuta cewa ni ne Sule, ina nan da raina. Nan take aka yi mini caa. Wata ta ce, "Bawan Allah ka ji tsoron Allah, da mamaci kake wasa?" Na ajiye wayar, na daɗe ina kallon tafin hannuna.

Saboda haka ba sai an gaya mini wurin sharhi yana da shara ba. A kaina aka zuba ta.

Na uku, wani sharhi guda ɗaya, wanda saboda shi nake wannan wasiƙa.

Can ƙasa, bayan addu'o'i da zage-zage, wani mai kiran kansa Ladanin Ƙauye ya rubuta 'yan layuka. Ya ce a garinsu matafiyan suka sauke gawar, yana cikin waɗanda suka yi mata wanka da sutura. Ya ce yana shakkar wannan suna, don mamacin bai yi kama da mai kaya ba, hannunsa na lebura ne, kuma babu yatsu biyu a hannun hagu, tsohon rauni da ya daɗe da warkewa. Ya ce duk wanda ya san mai wannan alama ya yi magana.

Na san shi, ranka ya daɗe. Haruna ne, mutumin Malikanchi, wanda injin matse rake ya cinye wa yatsu a wata ma'aikatar mazarƙwaila ta wajen Makarfi. Ya sha ɗaukar mini kaya a kasuwa. A makon da aka yi hatsarin ya bar gida zai tafi cirani, kuma tun daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Na amsa wa Ladanin, na roƙe shi ya faɗi sunan garin da inda zan same shi. Na nuna wa yayan Haruna rubutun, muka ce mu jira zuwa gobe.

Washegari na buɗe shafin, babu komai. Kun rufe wurin sharhi a duk labaranku, kun share na baya gaba ɗaya, kun bar sanarwa cewa wurin ya zama dandalin zagi da ƙarya, ba ya ƙara wa labari komai. Hoton yana nan, sunana yana nan, a ƙarƙashinsa fili fari fat kamar ba a taɓa magana a wurin ba. Na yi nadamar rashin ɗaukar hoton rubutun, amma wa zai zaci abin da ya gani jiya da idonsa zai ɓace yau?

Mun je inda motar ta kife. Mutanen wurin sun ce wata mota ta ɗauke shi ta yi gaba, iyakar abin da suka sani ke nan. Mun bi ƙauyukan bakin hanya muna tambaya har guzurinmu ya ƙare. Hanyar doguwa ce, maƙabartu kuma ba sa ɗaga allo.

Na huɗu, wadda take ɗauke da nauyin wannan abu.

Sunanta Hansatu, matar Haruna, 'ya'yansu uku. Malamin garinsu ya ce ba a shiga takaba da zato, sai an sami wanda zai shaida ya ga gawar, in ba haka ba jira ne na shekaru. Na ce na karanta shaidar da idona. Ya ce, "Malam Sule, to ina take?" Na buɗe waya na nuna masa farin fili. Yanzu Hansatu ba matar aure ba ce, ba mai takaba ba. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, rigunansa suna rataye a ƙusa. Ran nan ta zo har gidana, ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe ni, sannan ta ce, "Malam, kai da aka ce ka mutu ka dawo. Shi a ina ka baro shi?" A wurin zamana ya zauna, da buhuna aka rufe shi. Wallahi abin yana cina.

Kun ce sharhi ba ya ƙara wa labari komai. A wannan labari, wakilinku da albashinsa da katin aikinsa ya yi kuskure, wanda ya gyara shi kuwa wani ladani ne da ba wanda ya aike shi. Wakili ba ya kwana a Paki, ba ya wankan gawa a ƙauyen bakin titi. Mu da abin yake faruwa a kanmu, nan ne kaɗai ƙofar da muke da ita ta ce muku ba haka aka yi ba. In tsakuwa ta yi yawa a barkono, tsincewa muke yi, ba ma zubar da buhun a rafi.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka sa masu kula da shafinku su tono sharhin da ke ƙarƙashin wannan labari. An ce mini abin da aka share ba ya rasa inda yake ajiye. In ba za ku ba ni hanyar samun Ladanin ba, ku ku tuntuɓe shi, ku ce iyalin mai yatsu takwas suna nemansa. Ka gyara labarin, ka cire sunana daga kan gawar. Sannan ka sake buɗe wa jama'a wurin sharhi, ka sa mutum mai hankali ya riƙa tsince zagin.

A wani gari da ban sani ba akwai kabari da mutanen kirki suke wucewa suna cewa Allah ya jiƙan Sule. Ni zan iya jira, tawa tana tafe. Haruna ya kamata a ambata.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare alƙalaminka daga cutar da bayinsa, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya sa waɗanda suka san ka su yi maka sutura da sunanka.

Kai kuma Ladanin Ƙauye, in wannan takarda ta iso gare ka, na san babu inda za ka amsa mini a ƙarƙashinta. Ka zo kasuwar Makarfi, layin 'yan barkono, ka ce kana neman mutumin da ya mutu. Kowa zai nuna maka ni.

Wassalam.

Sule mai barkono,
Paki, Ikara.