Bokan Zinariya da Kawu Sale

Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Mu nan Gusau sai godiya.

Wasan labari da ƙwayar ludo da ka koya mana, na ƙirƙiro masa sabon boka, wanda tsafinsa ba ya ci sai ya ƙona zinariyarsa. Na rubuta dokokinsa a takarda. Kawu Sale ya tsince ta, ya tsine mini a gaban jama'a, wai ina tsafin kuɗi. Jiya kuma ya biyo ni har kasuwar Tsafe yana raɗa: “Ɗana, nawa zan ƙona in samu buhun kuɗi?”

Tir! Shi fa ke jan mu salla.

Gai da Inna da yara. Ka sa mu a addu'a, musamman shi.

Ƙaninka, Sani