Taron da Sarkin Ruwa Kaɗai Ya Zo

Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya iyali, yaya zaman Ikko?

Yaya, na sha kunya a Guri. Na dawo hutu daga jami'a, karatun haɗa kan jama'a ya cika mini kai, na kira masunta taro kan ƙarancin kifi. Na manna takarda a kasuwa, ban je gaida Sarkin Ruwa, shugaban masuntan, ba. Ba wanda ya zo sai shi kaɗai. Tsohon ya shimfiɗa buzunsa, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗan Malam Audu, a can ba a koya muku sallama?"

Ka gaida kowa. Ka sa ni a addu'a, gobe zan durƙusa a ƙofarsa.

Ƙaninka,
Sale