Jirgin da Baba Ya Ƙi Ƙarasawa

Unguwar Dosa, Kaduna
Afrilu

Assalamu alaikum Yaya Yusha'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka da wannan tekun naku da ba ya ƙarewa. Na san imel ɗin nan ba zai same ka ba sai jirginku ya matso gaɓa, don haka zan zuba maka surutun da na tara gaba ɗaya.

Jikin Baba da sauƙi tun bayan shanyewar ɓarin jikin. Bakin ya koma daidai, yana takawa da sanda har masallacin layinmu. Hannun dama ne dai yake masa gardama. Kullum in na tashi daga makaranta nakan biyo ta nan kafin in wuce gidana Hayin Banki. Gwaggo Harira kuma ta tare a ɗakin marigayiya Inna, tana kula da shi, tana yi masa faɗa kamar ba shi ne yayanta ba.

Kwalin da ka aiko ya iso. Da na ce maka likitan gashin ƙashi yana son Baba ya riƙa abin da zai motsa yatsu, na ɗauka carbi mai manyan 'ya'ya za ka aiko. Sai ga hoton jirgin ruwa na zamanin da a bayan kwali, irin mai dogayen sanduna da ƙyallayen kama iska. Da muka buɗe, babu jirgi babu dalilinsa, sai ledoji masu lamba cike da ƙananan bulon roba na wasan yara, da littafin yadda ake haɗawa. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Yanzu saboda Allah mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba gine-ginen gwamnati, shi za a aiko wa kayan wasa?" Baba ya juya kwalin gaba da baya, sannan ya ce, "Mutumin ruwa ya mai da ni yaro. A ɗora a kan kabad."

Ka san shi, har gobe sunanka ba ya fita daga bakinsa. Mutumin ruwa, ko yayanku, iyakar kenan. An dai ɗora kwalin a kan kabad. Kada ranka ya ɓaci.

Ƙanwarka mai surutu,
Safara'u

*

Daga jirgi, gaɓar Lome
Mayu

Wa'alaikumus salam Safara'u,

Na samu saƙonki. Allah ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi, ya ƙara wa Baba lafiya. Ki gaishe da Gwaggo da maigidanki Kabir.

Raina bai ɓaci ba. Da godiya ya yi, da na yi mamaki. Wani abokin aikina a ɗakin inji na gani yana haɗa irin jirgin a lokacin hutunsa, ya ce mini da shi mahaifinsa ya dawo da ƙarfin yatsunsa. Shi ya sa na saya a Durban. Ban yi tunanin girma ko ƙanƙanta ba, hannun kawai na tuna.

In ba ya so, ki ba 'ya'yan maƙwabta. Kwantiragina zai ƙare a Yuli. Ban yanke inda zan yi hutun ba tukuna.

Wassalam,
Yayanki, Yusha'u

*

Unguwar Dosa
Yuni

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa, kowa ma yana gaishe ka. Kada ka sake ce mini a ba 'ya'yan maƙwabta, don in Baba ya ji, ni da kai ne za mu sha.

Wata Talata na shigo na tarar an kwashe komai daga teburin cin abinci. Baba na zaune da tabarau, ya rarraba bulon a murafan kwanonin Inna, ja daban, baƙi daban, ruwan ƙasa daban. Da ya gan ni sai ya gyara murya ya ce wai dubawa kawai yake yi ko masu kamfanin sun cika kayan. Wannan dubawar har yau ba ta ƙare ba.

Aikin ofis sosai ya mai da shi. Da hantsi ya zauna, azahar ya tashi, ranar Juma'a babu aiki. Littafin nan kuwa zanen gini yake kiransa. Hannun na rawa, sai ya ɗora na hagu a kai ya danna har bulon ya ce ƙas. Wani lokaci in ga gumi na zuba masa, in miƙa hannu zan taimaka, ya harare ni. Ya kai rabin cikin jirgin sai ya gano ya saka wani ɗan bulo a karkace can ƙasa, inda ba wanda zai taɓa gani. Ya warware aikin kwanaki. Na ce, "Baba, ai ba ya nunawa." Ya ce, "Ban taɓa sa hannu a ginin da na san akwai kuskure a ƙasansa ba. Ba da tsufana zan fara ba." Ranar da Gwaggo ta share bulo ɗaya da tsintsiya kuwa, sai da muka zazzage kwandon shara a tsakar gida, ita tana mita, shi yana tsaye da sanda yana ba da umarni.

Yanzu da hannun dama yake cin tuwo, Yaya. Ranar farko da na gani sai da na shiga kicin na yi kukana.

Ya kuma fara tambayoyi. Wai ina injin jirgin? Na ce irin wannan ba shi da inji, iska ke tura shi. Ya ce, "To, mutumin ruwa me zai gyara a nan?" Ya yi dariya har da tari. Daga baya ya nuna wani ɗan lungu a ƙasan jirgin ya ce ko a irin nan kuke kwana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ya gama gangar jirgin duka, da bene, da tagogi, da matuƙi. Saura leda ta ƙarshe, mai sandunan da ƙyallayen. Ya ƙi buɗe ta, ya zura ta a aljihun rigarsa. Na ce ya ƙarasa mana mu gani. Ya ce, "A ma'aikatarmu ba a buɗe gini sai mai shi ya zo ya karɓa. Nawa aikin ya tsaya a nan. Sauran na mai jirgi ne."

Ni dai na ji abin da na ji. Yuli ya kusa.

Ƙanwarka,
Safara'u

*

Daga jirgi, gaɓar Tema
Yuni

Wa'alaikumus salam Safara'u,

Ina amsa gaisuwa. Na yi farin ciki da labarin hannun Baba, Allah ya ƙara sauƙi.

Game da ledar, ina ganin kin ji abin da kike son ji ne. Ke ba ki san Baban da na sani ba. Ana yaye ni aka kai ni Zariya wurin kaka, ban dawo ba sai da zan shiga sakandare. Na dawo na tarar yana ɗaukarki a kafaɗa, yana kiran sunanki da waƙa. Ni kuwa in na shiga falo sai ya buɗe jarida. Ranar da zan tafi makarantar koyon aikin jirgi, bai raka ni tashar Kawo ba. Ta bakin Inna ya aiko cewa Kaduna ma akwai ofisoshi. Na san me za ki ce, kunyar ɗan fari ce, al'ada ce, haka kowa ya taso. Ke kunya kika gani. Ni ƙeyarsa na yi ta gani.

Kamfani ya nemi in ƙara tafiya ɗaya zuwa Brazil, in na dawo a ba ni muƙamin babban injiniya. Ban ba su amsa ba. Na wuce shekara arba'in, na gaji da fassara shirun mahaifina. In yana son in zo, ya faɗa. Ya ce Yusha'u ya zo gida, shi ke nan. In ya faɗa, a Legas zan sauka, muƙamin ya bi ruwa.

Yayanki,
Yusha'u

*

Unguwar Dosa
Yuli

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau babu wasa a bakina.

Na gaya masa. Bayan la'asar ne, ana ruwan sama, yana zaune gaban jirgin. Na ce kamfani na so ka ƙara tafiya, amma ka ce in yana son ka zo, ya faɗa kawai. Ya daɗe yana juya ledar nan a hannunsa. Sai ya ce, "Girma za a ƙara masa?" Na ce e. Ya ce, "To ai mutum ba ya barin wurin aikinsa don tsoho na wasa da roba. Ki ce wa yayanku ya riƙe amanar mutane." Daga nan ya aike ni ɗebo ruwa, alhali ga kofi cike a gabansa. Da na dawo idanunsa sun yi ja.

Ba zai faɗa ba, Yaya. Shi ma ɗan fari ne, haka aka yi masa, bai san wata hanya ba. Kuma mutumin da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya bai taɓa fashi ba, ta yaya zai ce wa ɗansa ya bar aiki? Jirgin nan shi ne iyakar abin da bakinsa zai iya. Ni ina faɗa a madadinsa, ka zo gida. Ƙafafunsa sun fara kumburi, likita ya canza masa magani. Ina jin tsoro.

Ƙanwarka,
Safara'u

*

Daga jirgi, gaɓar Legas
Yuli

Wa'alaikumus salam Safara'u,

Na karanta. Baba ya ce in riƙe aiki, na riƙe. Na sa hannu jiya, gobe za mu tashi. Sai Oktoba in Allah ya yarda. Ki kula da maganinsa. Ledar roba ce, ba za ta lalace kafin in zo ba.

Wassalam,
Yusha'u

*

Unguwar Dosa
Satumba

Assalamu alaikum Yaya Yusha'u,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san kyaftin ɗinku ya isar maka da saƙon da Kabir ya bayar ta ofishinku na Legas. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ina rubuto maka sauran ne, don kada ka ji a bakin wani.

Zuciyar ce. Ranar Laraba da safe numfashi ya gagare shi, muka kai shi asibiti, bai kai azahar ɗin Alhamis ba. Yana cikin hankalinsa har ƙarshe. An yi jana'iza bayan la'asar, tsofaffin abokan aikinsa sun cika layi.

Jirgin kuma babu shi. Da muka dawo daga asibiti aka fara share falo don 'yan ta'aziyya. Gwaggo ta ce ba za ta bari manyan mutane su shigo su ga abin da yayanta ya ƙare kwanakinsa a kai ba, a je ana cewa Alhaji Lawan ya koma yaro kafin ya rasu. Ina can ɗaki wurin mata, ita kuma ta ɓalle shi gunduwa-gunduwa ta zuba a bokitin wanki, ta tura ƙarƙashin gado. Da na gani na yi mata tsawar da ban taɓa yi wa babba ba. Ta zauna a ƙasa tana kuka tana cewa mutuncinsa take karewa. Gaskiyarta take faɗa, don haka na zauna kusa da ita muka yi kukan tare.

Ko hotonsa ban ɗauka ba. Kullum in na fito da waya sai Baba ya ce ba a ɗaukar gini hoto kafin a ƙarasa. Na so ka ga aikin hannunsa, Yaya, ko sau ɗaya. Ledar ta ƙarshe tana wurina, a aljihun rigar da ya je asibiti da ita muka same ta.

Ina jin haushinka, ina jin haushinsa, ina kuma kewarku ku biyun. Allah ya dawo da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Safara'u

*

Daga jirgi, gaɓar Santos, Brazil
Satumba

Wa'alaikumus salam Safara'u,

Amin. Allah ya gafarta masa, ya kai haske kabarinsa. Na yi masa salla ni kaɗai a bayan jirgi. An ba ni muƙamin tun kafin mu dawo, ban iya buɗe takardar ba. Kin faɗa mini in zo, da Hausa mai kyau kika faɗa, ni ne na tsaya jiran wata murya.

Kada ki riƙe Gwaggo a zuciya. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ki gaya mini gaskiya, ba abin da zai sanyaya mini rai ba. A asibitin, ya kira sunana?

Yayanki,
Yusha'u

*

Unguwar Dosa
Oktoba

Assalamu alaikum Yayana,

Na so in yi maka ƙarya, na kasa. Bai kira ba.

Da safiyar Alhamis ɗin, Gwaggo ta fita alwala, ya jawo hannuna da hannunsa na dama. Na sunkuya. Ya ce, "Duk shekarun nan ina so in tambaya, na rasa wa zan tambaya. Yayanku, ya iya iyo kuwa?"

Na ce ban sani ba, Baba. Ya rufe ido, bai sake magana ba sai kalmar shahada.

Yaya, ka iya?

Ina jiranka a gida.

Ƙanwarka,
Safara'u