Kazar Rosalba Ta Tsallaka Katanga

Litinin, 6 ga Maris

'Yan duba-gari sun zo yau, mace da namiji. Macen ce ta miƙo min takarda. Wai doka ta hana kiwon kaji a cikin unguwa, ranar 24 ga wata za su dawo, abin da suka tarar za su kwashe. Na ce tun yaushe? Ta ce, "Dokar ta fi shekara goma, Don Evelio, ƙara ce ba a taɓa kawowa ba." To yanzu an kawo. Mutanen sabon benen nan ne da ya tsaya mana a ka, wai cara tana hana su barci. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas a garin nan, ina tashi tun kafin zakara, ban taɓa kai ƙarar kowa ba.

Kaji biyar ne da zakara ɗaya. Na matata Rosalba ne. Ni dai mai watsa musu masara ne tun da ta rasu.

Talata, 7 ga Maris

Pinta ta hau kwanci. Ƙwai tara.

Ita ce wake-waken, jikar wadda Rosalba ta taho da ita daga ƙauyensu a cikin kwali, a kan cinyarta, a cikin bas ɗina. Sauran huɗun na kasuwa ne. Pinta ta tsufa, bara ko gwadawa ba ta yi ba, ƙila wannan ne na ƙarshe. Na ƙirga a kalanda: ranar 28 za ta ƙyanƙyashe. Su kuma 24 za su zo. Kwana huɗu kacal.

Alhamis, 9 ga Maris

'Yata Yesenia ta bugo daga Bogotá. "Baba, ka sayar da su ka huta mana, ga ƙwai nan cike da kanti." Tana cikin mota, ba ta ji na sosai. Minti uku muka yi. Ban gaya mata cewa da su nake hira da safe ba, ai sai ta ce a kai ni a duba kaina.

Asabar, 11 ga Maris

Nemesio mai aski ya buga min ƙofa da takardu a hammata. Yana ganina ya ce, "Don Evelio, ashe kana raye? Mu mun ɗauka kai ma kwanci kake yi." Bakinsa bai canza ba.

Gida goma sha ɗaya aka ba takarda a layinmu. Suna tara sa hannu za su kai majalisar gari, a gyara dokar, a bar wa kowane gida kaji shida. Na sa hannu a tsaye. Ya ce in zo taro gobe bayan coci. Na ce gwiwata tana ciwo. Gwiwata lafiyarta lau. Ba na son a yi ta kallona ne ana cewa wayyo, ya rame.

Lahadi, 12 ga Maris

Ruwa tun safe. Ban yi magana da ɗan Adam ba yau.

Laraba, 15 ga Maris

Majalisa ta karɓi takardarsu, amma sai bayan Ista za a zauna a kai. Kafin nan an gama da mu.

Nemesio ya ce sun yi dabara. 'Yan duba-gari gidajen da ke cikin takardarsu kawai suke shiga. Saboda haka duk mai kaji zai miƙa su ta katanga zuwa gidan maƙwabcin da ba ya kiwo, in an wuce a dawo da su. Haka iyayenmu suka yi da aladu a da, in ji shi. Na ce da kyau, ni hagu bene, baya kwazazzabo. Ya ce, "Dama fa?" Dama gidan Herminia ne.

"Ta ce a gaya maka katangarta ba ta da tsawo."

Na ce ta riƙe katangarta.

Shekara biyu ban gaishe ta ba. Ƙawar Rosalba ce tun suna 'yan mata. A rana ta uku ta addu'o'in kwana tara bayan rasuwar Rosalba, a ɗakin nan, gaban mutane, tana raba kofi ta ce, "Da an kai ta asibiti tun watan da ta fara tarin nan..." Ba ta ƙarasa ba. Ba sai ta ƙarasa ba, kowa ya san wanda ya ce mura ce, a sha zuma da lemon tsami.

Lahadi, 19 ga Maris

Na hango Herminia a bakin coci da baƙar lemarta. Na tsallaka titi na tsaya ina karanta tallar taya.

Laraba, 22 ga Maris

Surukin Nemesio ya zo da akori-kura, ya kwashi kaji huɗu da zakara zuwa gonarsa. Janar, zakaran, ya yi ta ihu har suka sha kwana. Na tambayi mutumin Pinta fa. Ya leƙa kwandon ya girgiza kai. Ya ce awa biyu a hanyar duwatsu, ƙwan za su kaɗe, ita kuma in ta tsorata ba za ta sake hawa ba. Na sani. Rosalba ma ko shara ba ta bari a yi kusa da mai kwanci.

Na haska ƙwan da tocila a cikin ɗaki. Akwai abu a ciki, yana motsi.

Alhamis, 23 ga Maris

Na ɗauki tsawon yini ina zagaye tsakar gida. Da la'asar na ɗauki muciyar Rosalba na ƙwanƙwasa katanga. Na ce, "Doña Herminia." Muryata ta fito kamar ta wani.

Nan take ta amsa, sai ka ce a jikin katangar take tsaye tun safe. "Ikon Allah. Na ɗauka ka haɗiye harshenka ne."

Na ce kaza ce, tana kwanci.

"Na sani. Duk layin nan sun sani. Ƙarfe shida, ka rufe ta da zane mai duhu, kuma kada ka girgiza min ita kamar fasinjojinka."

Shi ke nan abin da muka ce.

Juma'a, 24 ga Maris

Na hau tsani da kwandon a ƙirjina. Herminia ta hau kan tebur daga can. Da na ɗago kai sai ga fuskarta dab da tawa. Ta yi furfura sosai, ban sani ba. Na ce a hankali, kada ƙwan su yi sanyi. Ta ce, "Sakar min mana, malam. Na yi renon 'ya'ya biyar, kaza ce za ta gagare ni?" Na kasa saki. Sai da ta ɗora hannunta a kan nawa sannan yatsuna suka buɗe.

Ƙarfe goma suka zo. Macen ta duba akurki, babu kowa. Sai idonta ya kai kan tsanin. Na manta ban ɗauke shi ba, ga ciyawar kwando a saman katanga tana reto. Ta daɗe tana kallo, sannan ta duba takardarta ta ce wa abokin aikinta, "Gidan can ba ya cikin jerinmu." Ta rubuta babu kaji, na sa hannu.

An kwashe na gida biyu a ƙasan layi, waɗanda ba su sami mai karɓa ba.

Asabar, 25 ga Maris

Na fito da kwanon masara kamar kullum, na tsaya da shi a hannu. Tsakar gidan shiru. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba, har ranar da aka binne Rosalba, don ranar akwai mutane.

Litinin, 27 ga Maris

Na zagaya ta ƙofa, don in ga ko Herminia tana ba Pinta ruwa. Ta ajiye kwandon a bayan murhu inda ke da ɗumi. Ba laifi. Ta zubo min baƙin kofi da arepa, wainar masara, mai zafi, na ce na ci abinci, ta ce, "Ƙarya kake, wandonka ma ya faɗa." Na ci biyu.

Ina shirin tashi ta ce, "Maganar da na yi ranar nan..." Na ce kazar tana son a ƙara mata ciyawa. Ta ce to.

Talata, 28 ga Maris

"Evelio! Evelio!" ta katanga, ko "Don" ɗin girmamawa babu. Na fita da silifa ƙafa ɗaya.

Bakwai sun fito, biyu ba su yi ba. Uku wake-wake ne. Na durƙusa a bayan murhun matar nan na yi kuka kamar yaro, ita kuma ta juya baya tana neman tsakin masara a inda ta san babu.

Gaskiya ta faɗa ranar nan. Da na kai Rosalba asibiti da wuri. Na rubuta, shi ke nan, ba zan sake karantawa ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Na je zaman majalisa. Nemesio ya yi surutu har shugaban ya fara duba agogo. Wani daga benen ya yi maganar wari da ƙuda, kuma ba duka ne ƙarya ba. Da aka ce ko akwai mai ƙari, Herminia ta zungure ni da lema. Na miƙe na ce ni dai tsoho ne, gidana ba kowa, kajin nan su ne ke tashe ni. Na zauna.

Sun yarda a gwada na shekara ɗaya: kaji shida, akurki mai tsabta, ban da zakara. Janar ya zama ɗan ƙauye ke nan. Raina ya sosu, amma da sauƙi.

Laraba, 26 ga Afrilu

Kaji huɗun sun dawo tun makon jiya. Pinta da 'yan tsakinta suna can gidan Herminia. Kullum ƙarfe bakwai nake zuwa duba su, don ba ta iya auna musu abinci ba, tana cika musu. Nakan ɗan zauna, ba daɗewa nake yi ba.

Shekaranjiya ta ce, "Wai yaushe za ka kwashe 'ya'yanka? Sun cinye min ganyen albasa." Na ce akurkina yana bukatar gyara tukuna. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To kada ka yi gaggawa, kar ka ji ciwo."

Jiya na ɓalle katako biyu daga jikin akurkin, don kada a ce na yi ƙarya.