Wace taya ce ta kayar da mijina?

Zuwa ga Alhaji Mamman Ɗantsoho, mai garejin gyara da duba lafiyar babura a unguwar Morris Heights da ke Bronx.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara da ma'aikata.

Ni ce Sa'adatu, matar Malam Habibu mai jan babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu. Na zaɓi in rubuta maka a zauren 'yan unguwa ne saboda sau uku ina zuwa garejinka da tambaya ɗaya, sau uku ina komowa gida da amsa daban. Ba ƙararka na kawo ba, Alhaji. Kaina ne ya ɗaure, kuma na san akwai magidanta a nan da ke yawo da sitikarka ta shaidar dubawa a baburansu.

Ga waɗanda ba su san mu ba, maigidana malamin gona ne a da, a kan tsaunin Mambila. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana hawa duwatsu da irin wannan babur na daji. Da muka zo nan ya samu aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, ya gaji da canjin jirgin ƙasa da bas, sai ya sayi kwancen irinsa. Aka sa masa fitila da madubi da oda, aka yi rajista, aka ba shi lamba. Abin da ya rage shi ne dubawar da doka ta ce a yi kowace shekara, kuma wajenka ya kai shi.

Na farko. Shekarar farko kai da kanka ka duba, ka manna sitika, har ka ce masa babur ne na maza. Shekara ta biyu ma'aikacinka ya ƙi barinsa ya wuce saboda odar ba ta da ƙara. Wallahi ranar na ji daɗi. Na ce a raina, gidan da zai mayar da mutum saboda oda ba zai bari babban abu ya wuce ba. Aka canja oda, ya wuce.

Na biyu. A shekara ta uku tayoyinsa suka suɗe. A garejinka aka sayar masa da sababbi masu manyan haƙora, a nan aka ɗaura su, a ranar kuma aka manna sitika. Bayan wata biyu, da safe, ana yayyafi, ya taka birki a danjar titin Concourse, babur ya zame da shi. Babu motar da ta taɓa shi. Ƙashin cinyarsa ya karye, aka sa masa ƙarfe. Wata biyar yana gida, ni ke kai shi banɗaki kafin in tafi wajen tsohuwar da nake kula da ita. Ka zo asibiti, ka kawo lemo, ka yi masa addu'a mai tsawo. Ban manta ba, kuma na gode.

Na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bana sitika ta ƙare, masu gidanmu kuma ba sa barin abin hawa a wurin ajiya sai da sabuwa. Ƙanensa Isiyaku ya hau babur ɗin, ni na bi shi a bas. Muka tarar da sabon ma'aikacinka, mutumin ƙasar Dominika. Ko minti biyu bai yi ba ya tsuguna, ya haska gefen tayar baya da tocila, ya kira ni. Ya nuna min wani rubutun Turanci da aka zana a jikin robar, cewa ba a yi ta don titi ba. Ya ce wannan tayar ta taɓo ce da yashi, a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama ƙasa. Ya tambaye ni, wa ya taɓa barin babur ya wuce da waɗannan tayoyi? Na nuna masa tsohuwar sitika. Ya karanta lambar garejin, ya tashi ya shiga ciki.

Alhaji, tayoyin nan su ne na bara. Tun da ya faɗi babu wanda ya taɓa su.

Washegari na dawo, ka ce min doka ce ta canja a bana. Na karɓa, na tafi. Da na sake zuwa ba ka nan, mutumin Dominika ya ce shekara tara yana wannan aiki, bai san wani canji ba. Zuwa na uku ƙaninka da ke zama a teburi ya ce ai ta gaba kaɗai ake dubawa, ta baya ba ruwan kowa da ita. Isiyaku ya tambayi wani abokinsa mai irin wannan babur a unguwar St. George, ya ce nasa kullum wucewa yake, bai ma san taya na da rubutu ba. Ni ba makanikiya ba ce. Aikina yi wa tsofaffi wanka da ba su magani. Amma a aikina, idan kwalba ta ce kar a sha, ba na jiran in ji wa ke bakin aiki ranar.

Na huɗu. Ranar Laraba ka kira Malam Habibu a waya, ina zaune kusa da shi. Ka ce, “Malam, a kawo shi ranar Asabar, yaron ba ya nan, ni zan manna maka da hannuna.” Ya yi ta godiya, ya ajiye waya yana murmushi, ya ce min, “Kin gani? Alhaji namu ne.” Ni kuwa na rasa abin da zan ji. Na san alheri kake nufi. To amma idan tayar lafiyarta ƙalau, me ya sa sai ranar da ma'aikacin ba ya nan? Idan kuma ba lafiya ba, wane irin alheri ne wannan?

Malam ba ya son wannan magana. Ya ce faɗuwarsa ƙaddara ce, kuma na yarda, babu abin da ke samun bawa sai da iznin Allah. Likita ya ce wata mai zuwa zai iya ajiye sanda. Tuni ya fara goge hular kwanonsa. Ni ce nake kwana da tambayar ko da wata taya ce a ƙarƙashinsa ranar, da ya tsaya a danjar nan lafiya. Wataƙila da ya faɗi duk da haka. Ban sani ba, kuma babu wanda ya yarda ya faɗa min.

Don haka ina roƙonka, don Allah. Ka amsa min a nan, a gaban jama'a, ko tayar ta halatta a titi ko ba ta halatta ba. Idan doka ce ta canja, ka nuna mana takardar, zan ba ka haƙuri a wannan zauren da bakina. Idan kuskure aka yi, ka faɗa, ka kira duk wanda aka ɗaura wa irinta ya dawo da babur ɗinsa kafin sanyi ya shigo. Kuma kar wannan wasiƙa ta zama sanadin korar mutumin Dominika. Shi kaɗai ne ya tsuguna ya karanta.

Ranar Asabar ba za a kawo babur ba. Makullinsa yana cikin jakata, kuma na gaya wa Malam haka a gaban ƙanensa. Tun da muka yi aure ban taɓa riƙe masa wani abu nasa ba sai wannan karon, kwana biyu ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Amsarka ce za ta sa in miƙa masa ko in ci gaba da riƙewa.

Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya albarkaci sana'arka, ya tsare duk wanda ya fita daga ƙofar garejinka har ya isa gida.

Wassalam.

Sa'adatu, matar Malam Habibu,
Concourse Village, Bronx.