Jan Fenti a Kan Ƙugiya

Ƙaura Namoda, 4 ga Maris, 2001

Zuwa ga matata Azumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya nauyin ciki? A gaida Inna da mutanen Zurmi.

Kasuwa ta yi albarka. Wani ɗan kwangilar ruwa ya yo odar ƙugiyoyin farin ƙarfe na zubi, marasa tsatsa, ya ɗauko injiniya daga Kaduna ya duba su. Sai ya shafa wa ƙarfe mai, ya ɗora wani ɗan abu, wai sauti ke shiga ya dawo, kamar hoton cikin da aka yi miki a Gusau. Guda ukku ya yi wa jan fenti, wai da rami a cikinsu, a zubar. Ni da na shekara ashirin ina ƙwanƙwasa ƙarfe! Na tsince su, na buga, amo ras. Kananzir ya cinye fenti, Tsoho dillali ya kwashe. Ki riƙe bakinki.

Mijinki,
Mainasara

19 ga Maris

Azumi,

Da fatan kina lafiya, ke da Inna.

Tsoho ya saida guda ranar kasuwar Shinkafi, ga masu haƙar rijiya na Katuru. Ayarin yayanki Musa ke nan, kuma shi ake zurarawa ƙasa. Na aika direba ya karɓo ta, ban faɗi dalili ba. Kin san zamanin nan, kalma guda sai mutum ya tsinci kansa gaban alƙali. Musa ya yi dariya, wai suruki ya ga kaya sun tafi da araha ne. Jibi zan tafi da kaina.

Mainasara

2 ga Afrilu

Azumi,

Ya haƙuri? Ya haƙurin Inna? Allah ya jiƙan Musa.

Jibin nan ban tafi ba, motar kaya ta iso mani. Na je bayan an fiddo shi daga rijiyar. Na ga guntun ƙugiyar: waje sumul, ciki fanko, daidai inda fentin yake a da.

Alƙali ya ce ƙaddara, tunda babu shaida. Tsoho ya rantse bai ga fenti ba, kuma gaskiya ya faɗa. Duk duniya shaida guda ce, wasiƙata ta farko, tana hannunki. Murhu na kusa da ke, kotu ma ba nisa. Na saba lallashin mai saye, amma ke ba zan yi ciniki da ke ba.

In namiji kika haifa, ban da bakin hana a sa mashi sunan Musa.

Mijinki, in har yanzu kin yarda,
Mainasara