Goggo Ta Turke Mini Zomo Kamar Ragon Layya

Malam mai filin shawara, don girman Allah ka agaje ni, kuma ka yi maza. Zomo gare ni kwance bakin mutuwa, kuma duk garinmu babu wanda zan gaya ma bai yi mini dariya ba. In kai ma dariyar za ka yi, ka yi ta can cikin ɗakinka, amma ka ba ni amsa.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa shiga lakkol, makarantar boko, ba. Wana Muntari ya nuna mini baƙaƙen boko a ƙasa da tsinke, sauran na tsince su cikin jaridarku da fatake ke shigowa da ita daga wajen Sakkwato.

Zomon ba na daji ba ne. Fari ne tas, mai jan ido. Muntari ya yi kuku gidan wani Nasara a Madawa, da Nasaran zai koma ƙasarsu ya bar mishi shi. Bara da anka zo ɗibar soja, masu uba sunka ɓoye ɗiyansu cikin rumbu, anka nuna ƙofar gidanmu tunda mu marayu ne. Ranar da za a tahi da shi, Muntari ya aza mini zomon ga hannu ya ce in riƙe mishi har ya komo. Abin da ya bar mini ke nan duniya. Tun rannan ko labarinshi ba mu ji ba.

Na riƙe kuwa. Ni ke yanko mishi ciyawa, in ba shi harawa, yana tsalle tsakar gida, kashinshi dunƙule-dunƙule kamar na akuya. Sai anka kama ni aikin tilas na hanyar Buza, dole na bar shi hannun Goggo Dije, ƙanwar babanmu wadda ta rene mu. Goggo gwanar turka ce, wannan ban musa ba. Ragonta in ya hito kasuwar Urno har tsayawa ake kallo. To da na komo mi na iske? Zomon Muntari ɗaure da igiya ga ƙafa, cikin ɗakin turka mai duhu, gabanshi ƙwaryar dusa da kanwa, ga jiƙaƙƙen hatsi, ga hura har da nono. Ciyawa ko tsinke babu, wai ciyawa abincin ramammu ce. Ya yi ƙiba kamar tulu, mata na shigowa suna yaba mata. Zomo fa, Malam! An turke shi kamar ragon Layya!

Ban daɗe da komowa ba ya bar ci. Kashin ya fara ƙanƙancewa, wani saƙe da gashi, yanzu tun shekaranjiya ko ɗaya ban gani ba. Cikin ya kumbura. Yana duƙe ƙurya, ido rabi ruhe, yana cizon haƙora ƙas-ƙas har cikin raina nike jin shi. Na kai mishi ɗanyar ciyawa ga hanci, ya kau da kai.

Jiya Goggo ta ƙara mini. Na shigo na iske ta kwantar da shi rigingine tana ɗura mishi ruwan kanwa da ludayi, yadda take ma akuya in ta kumbura. Yana shure-shure, ruwa na hita ta hanci. Na fizge shi. Abin da ya zo bakina shi na hwaɗa, kuma gaban matan da ke daka. Na ce mata jahila. Na ce da ta taɓa haihuwa da ta san ba ɗura ce reno ba. Ta aje ludayin ta shige ɗaki. Tuwona dai ina iske shi ruhe bakin ƙohwa.

Yanzu gari duka ni ne mara kunya. Wadda ke neman kashe dabba ba ta da laihi, wanda ya yi magana shi ne ɗan banza. Gado maharbi kuwa kullum sai ya leƙo ta kan danga da wuƙarshi, wai in bari ya yanka tun bai zama mushe ba, a yi romo. Kura ma ta hi mutanen garin ga tausayi.

Ka san dalilin Goggo? Wai jikin zomon shi ke nuna jikin Muntari can inda yake. In zomo ya ƙoshi, Muntari ya ƙoshi. Shi ya sa, ga hatsi ya yi wuya bana, take raba hurarta biyu ta ba shi rabi, ita tana ramewa. Ka taɓa jin wauta irin wagga?

Ka gaya mini magani. Kada ka ce mini in ba ta haƙuri, na ji wannan har kunnena ya gaji. In zomon ga ya mutu, da wane ido zan dubi Muntari?

Ƙanen Soja, daga wani ƙauye yamma da Urno

AMSA

Ɗana, ban yi dariya ba. Na ba falken da ya kawo takardarka wannan amsa ya juya da ita nan take, domin ciwon zomo ba ya jiran a buga jarida.

Ka yi gaskiya a kan abincin. Cikin zomo da busasshiyar ciyawa yake tafiya. In aka cika shi da dusa da gero da fura, aka kuma hana shi motsi, sai hanjin ya tsaya, iska ta taru, ciwo ya hana shi ci, rashin ci ya ƙara tsayar da hanjin. Saboda haka ka kwashe ƙwaryar nan duka, da kanwar. Ka kwance igiyar, ka fito da shi inuwa mai iska. Ka zuba masa busasshiyar ciyawar ƙyasuwa mai tsabta wadda ba ta yi fumfuna ba, da ɗan harawa, da ruwa mai kyau kusa da bakinsa. Ganyen dankali ɗanye yakan ja hankalin wanda ya ƙi ci.

In bai taɓa ba, kada ka zauna jira. Ka daka ciyawar ta yi laushi, ka jiƙa ta da ruwa mai ɗumi ta zama kamar kunu mai kauri, ka riƙa sa masa kaɗan-kaɗan ta gefen baki, sau da yawa a yini, yana zaune a kan ƙafafunsa. Kada a sake kwantar da shi rigingine. Zomo ba ya amai, abin da aka ɗura masa da ƙarfi kuma yakan bi hanyar numfashi. Ka shafa cikinsa a hankali da yatsu, in ya nuna zafi ka bari. Da sanyin safiya ka lallaɓa shi ya ɗan taka. Ka duba haƙoransa na gaba, domin ba sa daina tsiro, kuma rashin ciyawa na sa su yi tsawo su hana tauna. Alamar sauƙi ita ce kashi, ko ƙanana ne. Amma in cikin ya yi tauri kamar ganga, kunnuwan suka yi sanyi, ka daina ba shi komai ta baki, ka sa shi a kwando ka kai wa likitan dabbobi mai yi wa shanu allura a Madawa. Ba zan ruɗe ka ba: zomon da ya daɗe haka bai ci ba, sau da yawa ba ya tashi, ko an yi masa duk abin da ya dace.

Ka ce kada in yi maganar haƙuri. To ga abin da na gani cikin takardarka. Goggonka ta yi kuskure, amma da iliminta mafi tsada ta yi shi. Turka ta iya, turka ta yi wa abin da ta fi ƙauna. Ba ta taɓa ganin zomon gida ba, kai kuma ba ka ce ka nuna mata yadda ake ciyar da shi kafin ka tafi ba. Abin da ka kira wauta, kewar Muntari ce. Ba ta da hanyar aika masa fura, sai ta ba zomonsa. Ka kuma yi wa matar da ta goya ku gorin haihuwa a gaban mata. Fushinka na waɗanda suka nuna ƙofar gidanku ne, ka sauke shi a kan wadda ba za ta rama ba.

Ka yi tunanin wannan da kyau. In zomon ya mutu kuna cikin gaba, kai zomo ka rasa. Ita kuwa, da abin da ta sa a ranta, za ta zauna da cewa ta kashe Muntari da hannunta. Wannan ya fi ƙarfin tsohuwa. Kai kaɗai za ka iya cire mata shi, kuma sai tun zomon na numfashi, domin bayan ya mutu za ta ɗauka lallashi ne kawai.

Ka shiga ɗakinta yau, ka durƙusa, ka janye maganarka a gaban matan da suka ji ta. Ka gaya mata ran zomo daban, ran ɗanta daban, kowanne a hannun Allah yake. Sannan ka roƙe ta ta riƙe maka shi a cinyarta kana ba shi abincin. Hannunta ya fi naka sanin dabba, kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Allah ya ba zomon lafiya, ya sanyaya zuciyarka da ta Goggo, ya dawo muku da Muntari ya same ku kuna ci a akushi ɗaya.